Nam June Paik: Makaɗin da Ya Mayar da Akwatin Talabijin Kayan Kiɗa

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da talabijin mai ƙusumbi, irin wanda sai ƙarti biyu sun kama kafin a matsar da shi, zai tuna wata ɓarna da yara kan yi. A ɓalle maganaɗisu daga matacciyar sifika, a kara shi a jikin gilashin. Nan take fuskar mai karanta labarai ta karkace, hanci ya yi gabas baki ya yi yamma, launi ya watse kamar an ɗiga fetur a kan ruwa. In tsautsayi ya gifta, tabon kore ya zauna daram a kusurwar allon, sai a shiga zullumin dawowar maigida. To, wannan ɓarnar da ake zane yara a kanta ita wani ɗan Koriya ya yi da gangan a New York a 1965. Ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan talabijin mara launi, hoton ya murɗe ya koma zare-zaren haske masu motsi, ya ce ga aikin fasaha. Yau akwatin nan yana hannun gidan adana kayan fasaha na Whitney, ana riritarsa kamar ƙwai.

Sunan mutumin Nam June Paik. Ana yi masa kirari da uban fasahar bidiyo, kirarin da kan sa mai ji ya zaci ɗan fim ne ko mai ɗaukar hoto. Ba ko ɗaya. Makaɗi ne, kuma sai an riƙe wannan ake gane abin da ya kwashe shekara arba'in yana yi da akwatunan talabijin.

An haife shi a Seoul ranar 20 ga Yuli 1932, lokacin Koriya na ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, auta cikin 'ya'ya biyar na wani attajiri mai kamfanin saƙa. Yaƙin Koriya da ya ɓarke a 1950 ya raba iyalin da ƙasarsu, suka yada zango a Japan. Ya gama Jami'ar Tokyo a 1956, da kundin bincike a kan Arnold Schoenberg, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya da ya rushe jerin sautukan da kunnen Bature ya saba da su. Daga nan ya wuce Jamus ta Yamma neman ƙarin ilimin kiɗa, a Munich da Freiburg. A 1958, a wani taron makaɗan zamani da a lokacin ake yi duk bazara a garin Darmstadt, ya haɗu da Ba'amurke John Cage, mutumin da ya tsara kiɗan da makaɗi zai zauna gaban piyano minti huɗu da daƙiƙa 33 bai taɓa komai ba, ya bar tari da motsin kujerun 'yan kallo su zama kiɗan. Paik yakan yi barkwanci ya raba rayuwarsa gida biyu, kafin Cage da bayan Cage.

Sai dai ɗalibin ya fi malamin rashin ji. A 1960, a ɗakin aikin mai zane Mary Bauermeister a birnin Kolon na Jamus, yana cikin kaɗa piyano sai ya diro daga dandali da almakashi, ya datse nektai ɗin da ke wuyan Cage, ya tuttula masa sabulun wanke gashi a ka, ya fice. Can an jima ya bugo waya ya ce wasa ya ƙare. A 1962 ya ɗaga gogen Turawa a hankali, a hankali, har ya kai sama da kansa, sannan ya maka shi da tebur. Shekarar ce kuma ya shiga ayarin Fluxus na George Maciunas, masu ganin cewa fasahar gidajen tarihi ta cika ɗaukar kanta da girma. A ganina, da a nan ya tsaya, da tarihi ya jera shi cikin 'yan tayar da ƙura na wancan zamani, waɗanda suna da yawa kuma an manta da akasarinsu.

Abin da ya fid da shi daga cikinsu karatun lantarki ne. A Kolon akwai ɗakin haɗa kiɗan lantarki na gidan rediyon WDR, inda Karlheinz Stockhausen ke aiki, inda ake ƙera sauti daga siginar wuta ba tare da ganga ko goge ba. Paik ya zauna a wannan muhalli, ya hango cewa abin da ake yi wa sauti ana iya yi wa hoto. Ya kama ɗaki a wajen gari, ya tara tsofaffin talabijin, ya duƙufa yana farke su a ɓoye.

Nan ya kamata a ɗan tsaya a kan yadda talabijin mai ƙusumbi ke aiki, don a nan asirin yake. A can ƙarshen ƙusumbin akwai wata 'yar bindiga da ke harbo ƙwayoyin lantarki, su bugi bayan gilashin da aka shafe da sinadari mai walƙiya. Ɗigon haske ɗaya tal ne ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa: layi 625 a tsarin Turai, wanda mu ma shi muka gada, 525 a na Amurka. Yana cika allo sau 25 ko 30 a daƙiƙa guda, ido ya ruɗu ya ga kamar hoto ne a tsaye. Abin da ke tuƙa ɗigon nan naɗin waya ne a wuyan tiyub ɗin, mai haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi ya sa maganaɗisun sifika ke iya fizge shi daga hanya. Fim jerin hotuna ne a jikin leda, kana iya ɗaga shi ga hasken rana ka gani. Hoton talabijin kuwa babu inda yake a ajiye. Sigina ce mai hawa da sauka cikin lokaci, daidai da sauti. Kuma duk abin da ke hawa da sauka cikin lokaci, makaɗi na iya kaɗa shi.

A watan Maris 1963 ya fito da abin da ya ɓoye, a gidan baje koli na Parnass a garin Wuppertal, wanda gidan zaman wani mai zanen gine-gine ne, Rolf Jährling. A bakin ƙofa ya rataye kan bijimi da aka yanka ɗanye. A ciki akwai piyano huɗu da ya cusa wa tarkace, ɗaya daga ciki mai fasaha Bajamushe Joseph Beuys ya shigo da gatari ya farfasa. A bango ya manna yankakkun zaren kaset, baƙo ya ɗauki kan na'urar da ke karanta kaset ya goga a duk inda ya ga dama, ya ji sautin da hannunsa ya zaɓa. Sannan ga talabijin fiye da goma a warwatse a ɗaki guda, kowanne an taɓa masa hanji ta wata hanya dabam. Wani an haɗa shi da rikoda, kiɗa na murɗa hoton. Wani an kifa shi a ƙasa, fuska a daɓe. Ɗaya kuma ya lalace a hanya, ya koma nuna farin layi guda a kwance a tsakiyar baƙin allo. Duk mai gyaran talabijin ya san wannan ciwon, sashen da ke tura ɗigon sama da ƙasa ne ya mutu. Paik bai gyara ba. Ya tayar da akwatin a kan gefensa, layin ya miƙe tsaye, ya raɗa masa suna Zen for TV.

Da yamma kaɗai ake buɗe baje kolin, awa biyu, saboda lokacin ne tashar Jamus ke kan iska. Wannan ɗan bayanin ya nuna irin ƙuncin da yake aiki a ciki. Na'urar naɗar bidiyo da kamfanin Ampex ya fitar a 1956 kuɗinta ya kai dala 50,000, sai manyan tashoshi. Mutum ɗaya ba shi da hanyar yin nasa hoton ya sa a akwatin. Abin da tasha ta aiko shi za ka kalla, kamar yadda abin yake a Kaduna, inda talabijin ya fara aiki a 1962: su faɗa, ku saurara. Paik ba zai iya mayar wa tasha da martani ba, amma yana iya tare saƙonta a bakin ƙofa ya murɗe masa wuya. Jaridun lokacin dai kan bijimin ya fi ɗauke musu hankali.

Daga Jamus ya koma Tokyo, inda ya samu injiniya Shuya Abe, mutumin da ya kamata sunansa ya riƙa biyo na Paik fiye da yadda yake yi. Tare suka ƙera mutum-mutumin K-456, wani sankaran ƙarfe da waya da ake tuƙawa da rimot, yana tafiya a titi, yana sakin muryar Shugaba Kennedy, yana kashin wake. Da shi Paik ya sauka New York a 1964. A can ya haɗu da Charlotte Moorman, ƙwararriyar mai kaɗa selo, babban gogen nan da ake jinginawa a jiki. Ta zama abokiyar aikinsa har rasuwarta a 1991, kuma ita ta fi shan wahalar rashin jin nasa. A Fabrairun 1967 'yan sanda suka tsayar da wani wasansu suka kama su saboda ta fito kaɗa kiɗa babu riga. Shi aka sake shi, ita kotu ta same ta da laifi. Daga baya ya ƙera mata selo daga akwatunan talabijin uku da aka ɗora kan juna, tana jan tsirkiya hoto na sauyawa.

Akwai wani labari da kusan duk mai ba da tarihin fasahar bidiyo ke farawa da shi. Wai ranar 4 ga Oktoba 1965 Paik ya karɓi sabuwar na'urar bidiyo ta Sony da ya saya da kuɗin tallafi, ayarin Paparoma Paul na Shida ya tare tasin da yake ciki a titin New York, ya ɗauki ayarin ta taga, ya nuna a daren a wani gidan shan kofi, Café au Go Go. Labarin na da daɗi, sai dai masana sun daɗe suna ɗaga gira, domin na'urar Sony mai batir da ake ratayawa a kafaɗa ba ta shigo kasuwa ba sai 1967, ta 1965 sai an jona ta da wutar bango. Ko ma yaya aka ɗauki hoton, abin da ya faru a shekarun nan gaskiya ne: kayan da dā sai tasha sun fara shiga hannun mutum ɗaya. Mu ma mun ga irin wannan da idonmu, lokacin da kyamarar kaset ta yi araha ta haifar da fina-finan Hausa a Kano wajajen 1990. Paik ya yi hasashen cewa gilashin talabijin zai gaji allon zane a hannun masu fasaha.

Aikin da na fi ganin hazaƙarsa a ciki shi ne na'urar sarrafa hoto da shi da Abe suka haɗa tsakanin 1969 da 1970 a tashar WGBH ta Boston. Matsalarsa kuɗi ce. Awa guda a ɗakin shirye-shiryen tasha tsada ne da ita, kuma komai sai ka roƙi injiniya. Shi kuwa yana son abin da zai zauna gabansa kamar piyano. Na'urar tana karɓar hoto daga kyamara har bakwai, ta cakuɗa su, ta zuba musu launin da babu shi a zahiri, ta miƙar, ta lanƙwasa, duk nan take da murɗa maɓalli. A 1970 suka yi shirin kai-tsaye na awa huɗu da ita. Kafin wannan, a wani ɗan gajeren shiri na 1969, ya murɗe fuskar Shugaba Nixon, murya kuma na umartar mai kallo ya rufe ido, can ta ce ya kashe talabijin ɗinsa. Tashar talabijin tana cewa ka kashe talabijin.

A 1973 ya fitar da Global Groove, shiri na ƙasa da rabin awa, da ke buɗewa da alƙawarin wata rana da mutum zai iya kama kowace tasha a duniya. Tallan Pepsi na Japan, makaɗan Koriya, mawaƙiyar ƙabilar Navajo, marubucin waƙa Ba'amurke Allen Ginsberg na rera baiti, Cage na ba da labari, duk ana tsallakawa daga wannan zuwa wancan babu sallama. Yau ba wanda wannan zai ba mamaki, don haka yatsanmu ke yi a waya. A lokacin kuwa shekara takwas ya rage kafin a buɗe MTV, tashar bidiyon waƙoƙi.

Amma in za a ce in zaɓi aiki ɗaya, TV Buddha na 1974 zan ɗauka, kuma shi ne mafi ƙarancin hayaniya. Tsohon gunkin Buddha a zaune, gabansa ƙaramin talabijin, a bayan talabijin ɗin kyamara tana kallon gunkin. Gunki na kallon hoton kansa, kai-tsaye, ba dare ba rana. Babu tasha, babu kaset, babu shiri. Kayan aikin irin na kyamarar tsaro ne, da ake sa wa ido a kan ɓarawo, sai ga shi an juya su kan wanda ba ya motsi kuma ba ya gajiya. Mai kallo in ya leƙa don ya ga allon sosai, sai ya tsinci kansa a ciki. Da aka kai aikin Kolon a shekarar, Paik ya janye gunkin ya zauna a gurbinsa. Ainihin na farkon yana gidan Stedelijk a Amsterdam.

A shekarar 1974 ɗin ce ya rubuta wa Gidauniyar Rockefeller rahoto yana kiran a shimfiɗa abin da ya kira babban titin lantarki, da zai haɗa birane ta waya da tauraron ɗan'adam a riƙa musayar hoto da sauti da bayanai. Da gwamnatin Bill Clinton ta fara wa'azin babban titin bayanai bayan shekara kusan ashirin, Paik ya ce an sace masa dabara.

Ranar 1 ga Janairu 1984 ya yi ɗaya daga cikin ayyukansa mafi yawan 'yan kallo. Littafin George Orwell na 1949 ya siffanta shekarar 1984 a matsayin zamanin da allon talabijin zai zama idon azzalumar gwamnati a kowane ɗaki. Paik ya shirya Good Morning, Mr. Orwell don ya musanta. Tauraron ɗan'adam ya haɗa tashar WNET ta New York da Cibiyar Pompidou ta Faris kai-tsaye, aka kama a Jamus da Koriya ta Kudu, mutum kusan miliyan 25 suka kalla. Cage, Beuys, Laurie Anderson, Peter Gabriel da Merce Cunningham duk sun fito, sigina na yankewa tana dawowa. A nan ne nake ɗan rabuwa da shi. Ya yi imani cewa in mutane suka ga juna ta allo za su fahimci juna, imanin da ba a rasa dalilinsa ba ga wanda yaƙi ya kora daga gida yana ɗan shekara sha takwas. Amma wanda ya san yadda wayar hannu ke ƙirga takun mai ita, ko yadda bidiyon daƙiƙa talatin ke hura wutar gaba tsakanin maƙwabta, zai ce Orwell bai sha kaye ba. Hanyar da Paik ya hango an shimfiɗa ta, kuma ta ɗauki kayan da bai yi odar su ba.

Wannan shirin ne ya mayar da shi gwarzo a ƙasar da ya bari shekara 34 baya. Daga nan ayyukansa suka riƙa girma. A 1993 ya ci lambar Zakin Zinare a bikin fasaha na Venice tare da mai fasaha Hans Haacke, suna wakiltar Jamus, inda yake koyarwa a makarantar fasaha ta Düsseldorf tun 1979. A 1995 ya yi taswirar Amurka da talabijin 336 da fitilun niyon, tana nan a gidan Smithsonian a Washington. Irin waɗannan ayyuka suna ɗaukar ido, amma wasunsu sun fi kama da ado a harabar banki fiye da farin layin nan na Wuppertal. Kirarin uba ma yana bukatar gyara. Mai fasaha Bajamushe Wolf Vostell na taɓa talabijin a daidai 1963 ɗin, Steina da Woody Vasulka sun buɗe wurin fasahar bidiyo The Kitchen a New York a 1971 suna ƙera nasu na'urorin, matar Paik ɗin, Shigeko Kubota, kuma mai fasahar bidiyo ce da ƙafarta.

Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a 1996, ya koma keken guragu, amma ya ci gaba da aiki, har da hasken leza a babban baje kolin da gidan Guggenheim ya yi masa a 2000. Ya rasu a Miami ranar 29 ga Janairu 2006. A wurin jana'izarsa a New York aka raba almakashi, kowa ya datse nektai ɗin na kusa da shi.

Matsalar da ya bari tana gidan fasahar zamani na ƙasa a Gwacheon, kusa da Seoul. A 1988, shekarar wasannin Olamfik na Seoul, ya gina hasumiya mai tsawon mita 18 da rabi da talabijin 1,003, lambar da ke nuni da 3 ga watan 10, ranar tunawa da kafuwar Koriya. Sunanta Dadaikseon, wato yawa ya fi. Talabijin mai ƙusumbi kuwa yana da kwanakinsa, kuma kamfanoni sun daina ƙera shi. A 2018 aka kashe hasumiyar gaba ɗaya don tsoron gobara. Tambayar da ta biyo baya ta raba masana: a sa mata allon zamani mai faɗi ta ci gaba da haske, ko kuwa ƙusumbin da ɗigon nan mai gudu su ne aikin, in babu su an tashi daga Paik? Allon zamani ba shi da bindiga, ba shi da ɗigo, kara masa maganaɗisu ko gezau ba zai yi ba. An shafe shekaru ana farautar tsofaffin akwatuna, masu gyara na ciro kayan wannan su sa wa wancan. A ƙarshe aka gyara ko aka musanya 737 da irinsu na hannu, sauran 266 na can sama aka cusa musu allon zamani a cikin tsohon kwanso. Ranar 15 ga Satumba 2022 aka sake kunna ta, da sharaɗin kwana huɗu a mako, awa biyu a rana, don tiyub ɗin da suka rage su ƙara kwana.